Waƙar Matar Bakin Gada

A garin nan babu direban da bai san matar bakin gada ba. Wai idan ruwan sama ya tsuge da yamma, kogi ya cika ya fara lasar ƙafafun tsohuwar gada, za ka hango ta tsaye a gefen titi, gyalenta a jiƙe sharkaf, tana ɗaga hannu. In ka tsaya, babu kowa. In ka wuce, sai ka gan ta a madubi. Wani ya ce ta taɓa shiga motarsa ta zauna a baya, da ya waiwaya ruwa kawai ya tarar a kan kujera. A tasha kowa da irin nasa labarin, kuma waɗanda ba su taɓa ganinta ba sun fi kowa sanin kamanninta.

Daga baya aka yi mata waƙa. Dogo Mawaƙi ne ya yi ta tun yana saurayi, da 'yar jitarsa, kuma ita ce ta fito da shi duniya ta san shi.

Mai jan gyale a bakin gada,
Wa kike jira ruwa na zuba?
Masoyi ya ce zai zo bai zo ba,
Kogi ya ce taho in rarrashe ki.

Waƙar tana da daɗi, wannan ko Auta ba ta taɓa musu ba. Abin da ya hana ta jin daɗin shi ne, matar da ake rera wa mahaifiyarta ce.

Auta ba ta ma shiga makaranta ba lokacin da abin ya faru. Zazzaɓi ne ya rufe ta, jikinta kamar garwashi, babanta kuma ya yi tafiya da babbar motar da yake tuƙawa. Mahaifiyarta ta bar ta a hannun maƙwabciya, ta yafa gyale ta fita cikin ruwa zuwa shagon magani da ke tsallaken kogi. A dawowa ruwa ya riga ya hau kan gada. Washegari aka same ta can ƙasa wajen gonaki, maganin yana ƙulle a bakin zaninta.

Babu wani masoyi, babu wani jira. Amma waƙa ta fi gaskiya ƙafa. Auta ta tashi yara suna rera mata ita a filin makaranta, mata suna nuna ta da baki a wajen famfo: ai 'yar waccan ce da ta faɗa kogi saboda namiji. Yayanta ya yi dambe har ya gaji, da ya girma ya bar garin bai sake waiwayowa ba. Babanta ya taɓa buga rediyo da ƙasa a gaban mutane da aka saka waƙar. Bai sake aure ba, duk da surutun dangi.

Yanzu Auta ta zama mace da mijinta da 'ya'yanta, tana da shagon ɗinki tsakanin mai aski da mai gyaran waya. Anti Tela ake kiranta a layin. Baba ya ajiye tuƙi tun da idonsa ya yi rauni, yana zaune a gidanta, a ɗakin da ke kusa da ƙofa. Mutanen da suka san asalin labarin sun mutu ko sun manta, ita ma ta koyi yadda za ta ci gaba da taka keke idan mai gyaran waya ya saki waƙar a lasifikarsa.

Wata rana da hantsi tana yanka yadi, sai inuwa ta rufe ƙofar shagon. Wani dogon tsoho ne ya sunkuyo ya shigo da sallama, riga a naɗe a hammatarsa. Gashinsa ya yi fari, wuyansa ya rame, amma yana buɗe baki ta gane muryar Dogo Mawaƙi. Almakashin ya tsaya a hannunta.

"An ce min ke ce mai hannun gyara a layin nan," in ji shi. Ya warware rigar a kan tebur. Tsohuwar rigar wasa ce, baƙa, an yi mata ado da zare mai ƙyalli a wuya da hannu, asu ya ci kafaɗa ɗaya. "Gidan rediyo ne suka tuna da mu tsofaffi. Wai za a yi shiri, har da masu ɗaukar hoto. Na ce ba zan je musu kamar wanda aka tono ba."

Ya yi dariya. Auta ba ta taya shi ba. Ta juya rigar, ta duba ɗinkin ciki, ta sa yatsa a ramin da asu ya yi. Tun tana yarinya take shirya maganar da za ta faɗa wa mutumin nan, ga shi yau ya kawo kansa, amma abin da ya fito bakinta shi ne, "Wace waƙa za ka yi musu?"

"Wace kuwa? Ta bakin gada mana. Ko na yi wata ba za su bar ni in tashi ba sai na yi ta."

"Ka san ta ne, matar?"

"Wa ya san fatalwa, 'yata? Ni dai a tasha na tsinci labarin."

"Ni na san ta," in ji Auta. "Ita ta haife ni."

Dogo ya dube ta yana jiran ta yi murmushi. Da ya ga babu wasa a fuskarta, sai ya laluba bayansa ya zauna a kan bencin masu jira, a kan ƙyallayen da ba ta kwashe ba. Ta gaya masa komai a tsaye, muryarta ba ta ko rawa: zazzaɓin, maganin, filin makaranta, yayanta da ya tafi. Fanka tana ta juyi a sama. A shagon mai aski wani yana ta gardamar ƙwallo.

"Wallahi ban san ta bar 'ya'ya ba," in ji shi daga ƙarshe. "Ban ma ɗauka mutum ce ta gaske ba. Lokacin ina yaron mota, ina kwana a tasha. Wannan ya ce amarya ce, wancan ya ce mahaukaciya ce, wani ya ce aljana ce ba mutum ba. Na ɗauki wanda ya hau kiɗa."

"Babu wanda ya ce masoyi. Kai ka sa shi."

"Ni na sa shi." Ya shafa gemunsa. "Ki gane, waƙa ba shaida ba ce a gaban alƙali. Mai waƙa yana ƙari, yana ragi, in ba haka ba ai labarai zai karanta. Na ga in na ce mace ta zame ta faɗa ruwa, ba wanda zai yi kuka."

"Mu mun yi."

Dogo ya daɗe yana kallon hannuwansa, dogayen yatsu masu kanta a kai. Auta ta yi zaton za ta ji sanyi a ranta idan ta gan shi haka, sai ta ga tsoho ne kawai, takalminsa ɗaya ya ɓare a gaba.

"Mahaifinki yana da rai?"

"Yana nan."

"Ki roƙar min shi in zo in gaishe shi. In ya ce kada in taka masa gida, ba zan ga laifinsa ba."

Ya tashi ya fita, ya bar rigar. Ta yi niyyar ta bi shi da ita, sai kuma ta ninke ta ta ajiye a ƙarƙashin tebur.

Da la'asar ta tarar da Baba a tsakar gida kan kujerarsa ta roba, yana gyara sandarsa da wuƙa. Ta kawo masa ruwa, ta zauna a kan tabarma kusa da ƙafarsa, ta ba shi labari a hankali, tana lura da hannun da ke riƙe da wuƙar. Ta san zuciyarsa. Amma bai ko ɗaga murya ba.

"Ya tsufa?"

"Ya tsufa, Baba."

"To, ki ce ya zo."

"Baba, mutumin da ya ɓata wa Inna suna?"

Baba ya ajiye wuƙar. "Auta, bari in gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Bayan na fasa rediyon nan, na sayi kaset ɗin. A mota nake ajiye shi, ƙarƙashin kujera. In na yi nisa, na fita daga inda aka san ni, sai in saka."

Ta dube shi baki buɗe.

"Ƙarya ce daga farko har ƙarshe, na sani. Amma dangi sun daina ambatonta, wai kada su tayar min da hankali. Ke kin yi ƙanƙanta, yayanki in na ɗauko zancenta sai ya tashi. Duk duniya mutum ɗaya ne yake kiranta kullum, shi ne wannan maƙaryacin. Kuma akwai inda ya ce tana tafiya kamar ana binta bashin iska, ko me ya ce..."

"Tana tafiya iska na bin sawunta."

"Yawwa. Wannan ya dace. Uwarki ba ta iya tafiya a hankali ba. In muka fita tare sai dai in riƙa hango ƙeyarta." Ya yi 'yar dariya, sannan ya juyo da idanunsa masu hazo wajenta. "Ashe ke ma kin haddace."

Auta ta tashi ta shiga kicin.

Dogo ya zo ranar hutu da safe, da jitarsa a cikin tsohuwar jaka. A bakin ƙofa ya cire takalmi, ya durƙusa gaban Baba duk da tsawonsa da ciwon gwiwa, ya fara jero ban haƙuri. Baba ya bar shi ya yi nisa, sannan ya katse shi.

"Kai, tashi ka zauna, kada ka karye a gidan surukina. Tambaya ɗaya nake da ita. Wa ya ce maka gyalenta ja ne?"

"Babu, Yaya. Ni na ga ja ya fi fitowa a cikin ruwa."

"Kore ne. Ni na saya mata."

"Mai koren gyale a bakin gada," Dogo ya gwada a hankali, yana kaɗa yatsa a gwiwa. Ya girgiza kai. "Ya yi tsawo, Yaya. Ba ya zama."

"Ka ji ɗan banza! Matata ce za ta canza gyale don waƙarka ta zauna?"

Su biyun suka fashe da dariya, har Baba ya sarƙe da tari. Auta tana tsaye a ƙofar kicin da tiren shayi, ta rasa ko ta yi fushi ko ta ajiye tiren. Ta ajiye.

Daga nan Baba ya buɗe baki. Abin da Auta ba ta ji ba tsawon rayuwarta, ta ji shi a wannan safiyar, ana ba wani bare. Yadda Inna take da faɗa, ba ta barin ta-kwana. Yadda ta taɓa bin wani mai awo har gidansa saboda ya tauye mata mudu. Yadda take waƙa in tana wanki, da murya marar daɗi, in an yi mata dariya ta ƙara ɗagawa. Tana tsoron ƙadangare amma ba ta tsoron kowane mutum. Auta ta zauna a bakin tabarma tana tattara kowace kalma. Ita abin da take tunawa bai wuce wani hannu mai sanyi a goshinta ba, shi ma ba ta da tabbas ko na maƙwabciya ne.

Dogo ya zaro jitar. "Yaya, in kun yarda, zan gyara ta a shirin nan. Zan cire masoyin. Zan faɗi gaskiya: 'yarta ce ba lafiya, ta fita neman magani, ruwa ya ci ta."

"A'a," in ji Auta.

Ita kanta ba ta san za ta faɗa ba. Duk suka juyo.

"Ba haka kike so ba, 'yata?"

"Ka bar ta yadda take. Da ana cewa saboda wani namiji ta mutu. Yanzu kuma gari duka zai riƙa rera cewa saboda ni ce. A mota, a kasuwa, a shagon mai gyaran waya. Ni na sani, ba sai an kiɗa min ba. Da ban yi zazzaɓin nan ba..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta rufe fuska da gefen mayafinta. Shekara da shekaru tana jin haushin ƙaryar Dogo, ba ta taɓa lura cewa a bayan ƙaryar take ɓuya ba.

Baba ya miƙa hannu yana lalube har ya sami kanta. "Haba Auta. Haba 'yar Baba. Wannan kike ɗauke da shi ban sani ba?" Ya bar hannun a nan. "Ke kika kira ruwan? Ke kika gina gadar ba shinge? Uwarki ko kaza ce ba lafiya sai ta fita, balle ke. Da na dawo na tarar an yi jana'iza, abin da ya hana ni haukacewa shi ne na shiga ɗaki na same ki zaune kina cin abinci. Na ce to, abin da ta fita nema ya samu."

Auta tana kuka a hankali. Dogo ya sunkuyar da kai kamar mai son ƙasa ta buɗe.

Baba ya juya wajensa. "Kai mai waƙa. In za ka faɗa, ka faɗa duka. Ka ce yarinyar ta warke. Nan ne ku masu labari kuke tsayawa, ku kashe mutum ku tafi. Sannan ka cire fatalwar nan. Matata ba ta yawo a kan gada, tana kabarinta, Allah ya jiƙanta."

"Amin. Amma Yaya, in na cire ta, babu waƙa. Direbobi ba za su daina ganinta ba don na daina faɗa. Sai dai su bar tawa su ci gaba da tsohuwar."

"To sai ka bar min ita tsaye cikin ruwa har abada?"

Dogo ya riƙa taɓa tsirkiya ɗaya, yana sakewa. Ya daɗe a haka, leɓɓansa suna motsi. Sannan ya gyara zama, ya fara, da muryar da tsufa ya dusashe amma bai karya ba.

Direba tsaya in tambaye ka,
'Yar da na bari da zazzaɓi fa?
Koma ki kwanta, baiwar Allah,
Ta warke, ta tashi, tana ɗinki.

Baba ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Ya jira sautin ya mutu. "Sake," ya ce. Dogo ya sake.

Auta ta share ido. "Ka cire ɗinkin nan. Kana so a cika min shago da 'yan kallo?"

"Ta warke, ta tashi, ta girma," in ji Dogo. "Wannan ma ya fi zama. Kin yarda da sauran?"

Ta dubi Baba, ta dubi ƙasa. "Na yarda."

Ta gyara rigar a cikin makon. Ba ta sami zare irin na da ba, sai ta warware adon hannu ɗaya ta cike kafaɗar da shi, ta rage na ɗayan hannun don su yi daidai. Ranar shirin ta rufe shago da wuri, suka zauna da Baba da mijinta da yaran a falo, suka kunna rediyo. Kafin ya fara, Dogo ya gaya wa mai gabatarwa cewa matar nan mutum ce, tana da iyali, kuma shi ne ya ƙaga mata masoyi don waƙa ta yi daɗi. Bai faɗi sunan kowa ba. Babbar 'yar Auta ta tambaya, "Mama, wai da gaske kakarmu ce?" Auta ta ce da gaske ne, kuma a karon farko faɗin hakan bai yi mata nauyi ba. Da aka gama ta kira yayanta a waya. Da ta gaya masa, ya ce ta turo masa waƙar ya ji.

Ba a daina tsohuwar waƙar ba. Ita mutane suka saba da ita, ita ce a wayoyinsu, wasu ma suka ce Dogo ya tsufa ya ɓata abinsa da wa'azi. Amma sabuwar ta sami nata mutanen, musamman mata, kuma da damina ta zo aka fara jin wani sabon abu a tasha: wai in ka hango matar, ka sauke gilashi ka ce mata yarinya ta warke, sai ta ba ka hanya. Auta ta ji wannan daga bakin wata mai kawo ɗinki, wadda ta rantse ƙanin mijinta ya gwada. Ta ce mata Allah ya kyauta, ta ci gaba da awo.

Dogo kuwa ya mayar da gidan wurin zuwa. Duk ranar hutu zai zo da safe, su zauna da Baba a inuwar ƙofa, su sha shayi, su yi ta musu kan hanyoyin da suka bi da motocin da aka daina yi. Baba ya ce shi zai ba shi labarin wani gangare da ya taɓa kashe masa birki, a yi masa waƙa, amma da sharaɗin ba ƙari.

"Ba ƙari, Yaya? To mutum nawa ne a motar?"

"Ni kaɗai, sai buhunan siminti."

"Siminti!" in ji Dogo. "Wa zai yi kuka saboda siminti? Bari in sa maka ko amarya ɗaya a gaba."

"Auta!" Baba ya ɗaga murya. "Zo ki ɗauke shayin mutumin nan, ya fara."